Yukar da Saidou Ya Hana Ruwa

Saidou mutumin wani ƙauye ne a arewacin Maraɗi, inda igiyar guga ke cin tafin hannu kafin a ga ruwa. A Riyad, unguwar Suwaidi, aka ɗauke shi direban gida, aka haɗa masa da ɗan lambun bakin ƙofa. A nan furfura ta same shi.

Cikin shukokin akwai wata da kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya sayo, yuka, mai ganye kamar takobi. An ce takan yi farin fure. Saidou bai taɓa gani ba, kuma yana so ya gani kafin iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, don ya riga ya ce ba zai sabunta ba.

Kullum ita yake fara ba ruwa. Ga famfo, ga tiyo, bai ga dalilin da mai rai zai wuni da ƙishirwa ba. Amma ganyenta na ƙasa sai rawaya suke yi.

Wata Juma'a Basiru, Bakanon da ke aiki a wurin sayar da shuke-shuke a hanyar Dir'iyya, ya biyo shi gida bayan salla. Ya tsuguna ya luma yatsa a ƙasar gindin yukar.

"Baba, shinkafa kake nomawa?"

"Kai dai ɗan birni, me ka sani?"

"Na san wannan 'yar hamada ce. Alherinka ne ke ruɓar da ita. Ka rabu da ita, halas, shi ke nan."

Saidou ya bi shawarar. Sai dai abin ya yi masa nauyi. Yakan shayar da na dama da na hagu, ya wuce ta yana kau da kai, kamar wanda ya hana baƙo ruwan sha. Ƙasar ta bushe ta tsage. Wata rana har ya buɗe famfo, ya tsaya, ya rufe.

Bayan sanyi ya wuce, kara ya ɓullo daga tsakiyarta, ya yi ta hawa har ya kai masa kafaɗa. A makon tafiyarsa furannin ƙasa suka buɗe, farare, kawunansu a sunkuye. Na sama kuwa suna dunƙule.

Uwar gidan ta ce ya ɗaga tafiyar ya ga sauran. Saidou ya daɗe yana kallon karan.

"Hajiya, na ga rabona," ya ce. Ya ɗauki jakarsa.