“Lafiya Lau” da Isiyaka Ya Rubuta wa Gwamnati

Ku matso kusa, jama'a, ku ara mini kunnuwanku, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. A wannan watan ƙanena Isiyaka ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi a Zangon Kumasi lokacin da Inna ke zaman sayar da koko a bakin titi, kuma a ɗakina na unguwar Tremont ya sauka ranar da ya shigo Amurka, da jaka ɗaya da rigar sanyi ta aro wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama.

Isiyaka tasi ya fara ja, kamar yawancin mazanmu. Mutum ne mai fara'a, mai son ya ga komai a jere, har takalmansa ba ya barin ɗaya ya juya wa ɗaya baya. Bayan da aka rushe dogayen benayen nan biyu na birnin nan a harin jiragen sama, gari ya canza mana. Fasinja zai shiga mota, ya karanta sunan direba, ya ga na Musulmi ne, ya buɗe ƙofa ya fita. Ana cikin haka ya zo ya same ni ina tuƙa tuwo, ya ce zai shiga soja. Na ce, “Auta, kai da ko kaza ba ka iya yankawa?” Ya yi dariya ya ce mota zai tuƙa musu, za su ba shi takardar zama ɗan ƙasa, in ya dawo su biya masa karatu. A masallaci an yi ta ka-ce-na-ce, wasu na cewa yaya Musulmi zai bi rundunar da za ta shiga ƙasar Musulmi. Shi dai abin da ya riƙe ɗaya ne. Yakan ce, “Yaya, nan ba irin can gida ba ne. A nan ko allura ka ba gwamnati, a rubuce take, ba ta ɓata.”

A benenmu, hawa na ƙasa, akwai wani tsoho baƙar fata ɗan ƙasar nan, wanda ya yi yaƙin Biyetnam tun yana saurayi. Baba Soja muke ce masa. Kullum yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa da wata jakar leda cike da wasiƙun ofishin da ke kula da waɗanda suka dawo daga yaƙi. Ranar da ya ga Isiyaka cikin kaki bai taya shi murna ba. Ya kira shi da yatsa ya ce, “Ɗana, duk takardar da ka sa wa hannu ka riƙe kwafinta. Kuma ranar da suka tambaye ka ina ke maka ciwo, ka faɗa musu har da wanda bai fara ba.” Da muka hau sama Isiyaka ya kwaikwayi muryarsa, muka yi ta dariya. Ya ce tsohon nan ya cika mita.

Iraƙi aka kai shi. Tankar ruwa yake tuƙawa. Idan ya samu waya ba ya ba ni labarin harbi, ya san zuciyata. Abin da yake yawan ambata shi ne wani ƙaton rami a gefen sansaninsu, inda ake ƙona duk sharar rundunar, tayoyi da robobi da batura da abin da ba a san sunansa ba, wutar ba ta mutuwa. Ya ce hayaƙin har a burodi ake jin ɗanɗanonsa. Ni kuwa na ce Alhamdulillahi, hayaƙi dai ai ba harsashi ba ne.

To, ga inda maganar take. Da wa'adinsu ya cika aka dawo da su wani barikin soja a wata jiha mai nisa, kafin a sallame su gida. A makon nan ne matarsa Ramatu ta haihu, mace, ranar Talata. Ran Juma'a ya kira ni. Ya ce an raba musu wata takarda ta tambayoyin lafiya: kana tari, kana jin numfashinka na sarƙewa, ka shaƙi hayaƙi a inda ka yi aiki. Wanda ya amsa e, za a riƙe shi a yi ta gwaje-gwaje, mako biyu ko uku ko fiye. Wanda ya ce babu komai, jibi yana gida. Ya ce, “Yaya, akwai ɗan tari.”

Na san abin da na ce masa, kalma da kalma, don shekara goma sha biyu ina maimaita shi. Na ce, “Wane irin tari kuma? Kai da Allah ya fitar da kai daga wuta, za ka zauna kana kira wa kanka ciwo da bakinka? Suna ran Talata ne. An sayi rago, an gaya wa liman, mutane za su zo har daga wasu jihohi. Yaushe aka taɓa raɗa wa 'yar fari suna ubanta yana raye yana wani gari? Ka rubuta musu lafiya lau ka taho.”

Ban faɗi wani abu baƙo ba. Haka aka rene mu. Inna tana kwance ba ta iya ɗaga kai, a ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi. Mutum ba ya lissafa ciwonsa a gaban baƙo, ballantana a rubuce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ban sani ba shi ne a ƙasar nan gaisuwa daban, takarda daban. Isiyaka ya bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ya amsa a'a, ya sa hannu, ya hau jirgi.

Suna ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An ci wake da shinkafa irin namu da tuwo da miyar ayoyo, falon Ramatu a unguwar Concourse Village ya cika har kan matakala. Ya sa farar shadda ya rungumi jaririyar, aka sa mata sunan Inna, shi ya sa har yau Ummi muke kiranta. A ranar ma na ji shi. Ya shiga banɗaki ya buɗe famfo ya bar ruwa yana zuba, a ƙarƙashin ƙarar ruwan kuwa tari ne, busasshe, mai fito a ƙarshensa. Ya fito yana murmushi yana goge fuska. Na dube shi ya dube ni.

Shekara biyu yana wannan dabarar ta famfo. Da Ramatu ta matsa masa ya fara zuwa asibiti, sai aka koma gidan jiya. Likita ya tambaye shi yaya yake ji tun zuwansa na baya, shi kuwa ya ce an gode Allah, da sauƙi. Likita ya rubuta majiyyaci ya ce yana samun sauƙi. Wata uku ya koma, ya sake cewa da sauƙi, aka sake rubutawa. Ba ƙarya yake nufi ba. Ladabi yake yi, alƙalami kuwa bai san ladabi ba.

Sai da ya kai ba ya iya hawa bene biyu ba tare da ya zauna ba, ya ajiye tasi, sannan ya nemi gwamnati ta yarda cewa ciwon huhunsa daga wurin aiki ya samo shi. Layi ɗaya ake nema a takarda, wanda zai ce yaƙin ne ya jawo. In an rubuta shi, za a kula da matarsa da karatun 'yarsa bayan ransa, a kuma lissafa shi cikin waɗanda yaƙin ya ci. In ba a rubuta ba, direban tasi ne da ya yi tari ya mutu. Aka yi wata da watanni kafin amsa ta zo. Da ta zo, har da kwafin takardar nan ta bariki a ciki, ga a'a ɗinsa a jere, ga sa hannunsa mai kyau a ƙasa. Suka ce shi da kansa ya shaida lafiya lau ya dawo. Magana zarar bunu ce. Ya kai wa Baba Soja ya karanta, tsohon bai ce na gaya maka ba. Ya dai matsa masa wuri a kan dakalin bakin ƙofa, suka zauna.

Ranar jana'iza sojoji biyu suka zo, tsaf da su, suka naɗe tuta suka miƙa wa Ramatu, ɗayan ya rusuna ya ce ƙasa tana godiya. Ban taɓa ganin ladabi irin nasu ba, har na ji kunyar fushin da nake yi. Ummi tana da shekara biyar, tana ta jan gefen tutar tana tambaya da Turanci ko bargo ne.

Tun daga ranar Ramatu ke bin maganar. Aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ranar hutunta kuwa ta ofis ce. Ta ɗaukaka ƙara, aka ƙi, ta sake, aka ce a jira. Wata lauya mai taimakon iyalan sojoji kyauta ta ce a nemo shaidu, mutanen da za su rubuta cewa sun gan shi da ciwo tun dawowarsa. Na ɗauki mayafi na bi abokansa na masallaci ɗaya ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Hajiya, mu dai tsakani da Allah lafiya lau muka gan shi. Ko ranar da ya faɗi a sahu cewa ya yi santsin safa ne. Kina so mu rantse a kan abin da ya ɓoye mana?” Ban ga laifinsu ba. Isiyaka ya iya rufin asiri, ya rufe har ya rufe da hakkin 'yarsa. Ni kaɗai na ba da shaida, na faɗi maganar famfo, na faɗi abin da na ce masa a waya. Amsar da ta zo ta ce an karanta, an gode, amma 'yar'uwa ba likita ba ce.

Wani lokaci ina zaune bakin taga ina tambayar kaina me zai ce in ya ga yau. Shi da ya sa kaki don kada a sake yi masa kallon baƙo, ga shi yanzu ana hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shigowa, abokansa masu takarda ma suna tsoron zuwa ganin gida kada a tare su a filin jirgi. A titin Grand Concourse har yanzu ana liƙa hotunan samari cikin kaki suna murmushi, 'ya'yanmu da suka gama sakandare suna tsayawa suna karantawa. A talabijin kuwa ba a fara wasan ƙwallo sai an tashi tsaye an tafa wa sojoji. Tafi ba ya musu wuya. Anya zai ce har yanzu allura ba ta ɓata? Ina jin zai ce, don taurin kai gare shi. Zai ce ai ba su yi ƙarya ba, abin da ya rubuta suka riƙe.

Baba Soja ya rasu bara waccan. 'Yarsa ta zo kwashe kaya, na ga jakar ledar nan a cikin shara a bakin titi. Fiye da shekara arba'in yana jiran a rubuta masa nasa layin a takarda. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Na ga wanda ya dafa har itacensa ya ƙare.

Me ya rage na Isiyaka? Tuta a cikin akwatin gilashi a saman firij. Lambar fayil da Ramatu ta haddace fiye da lambar wayarta. Da Ummi, wadda ta ɗauko tafiyarsa da yadda yake karkata kai in zai yi gardama. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma in kanta na ciwo sai duk gidan ya sani. Da can nakan tsawata mata. Yanzu na daina.

Makon jiya Ramatu ta shigo ba ta ko cire takalmi ba, ta ajiye mini ambulan a cinya. Amsar ƙararmu ta ƙarshe ce. Ummi ta karanta mana. Da sunan Isiyaka aka aiko ta. An ce domin a yanke hukunci, ana bukatar ya zo asibitinsu da kansa a auna numfashinsa, an ba shi rana a wata mai kamawa, ƙarfe goma na safe, ya zo da wuri da katin shaidarsa. In bai zo ba kuma bai ba da uzuri ba, za a rufe fayil. Ramatu ta buga musu waya, bayan dogon jira wata murya mai daɗi ta yi mata ta'aziyya, ta ce a aiko da takardar shaidar rasuwa. Sau uku muna aika ta a shekarun nan. Ramatu ta zauna a ƙasa ta ce, “Yaya, ni na gaji. Su rufe. Allah ya isa.”

Ban iya ce mata ta yi haƙuri ba. Wasiƙar tana wurina. Asibitin yana da nisa, jirgin ƙasa biyu da bas, ni kuwa ko Manhattan da ke nan cikin gari sai shekara ta zagayo ban leƙa ba, Turancina ma na cefane ne. Na san in na je ba huhuna suke nema ba, ba kuma abin da zai canza. To ku da kuka fi ni sanin ƙasar nan, ku gaya mini: in shirya in je in zauna a layin jira, in an kira shi in miƙe in ce ga wadda ta sa shi ya rubuta lafiya lau, ko in zauna a ɗakina su kira sunan ƙanena sau uku su rubuta bai zo ba?