Igiyar da Ban Ja Ba

Abin ya faru ne shekara biyu bayan ruwan da ya shigo garinmu Saga har muka kwana a lakwal, makarantar boko, da tukwanenmu. Mijina yana da damina bakwai a ƙasa. Kafin azumin da na rasa haƙoran gabana ne, wannan na tabbata, don ina tuna ina fasa goro da kaina a bakin gona.

Ni ban yi lakwal ba, ban san baƙi ba. Amma a tambayi duk mai gonar shinkafa a Saga wa ke tsaron tsuntsu. Shekara talatin ina wannan aiki. Ana kafa sanduna kewaye da gona, a ɗaure igiya, a rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki, bakin igiyar ya zo hannuna a ƙarƙashin rumfa. In shinkafa ta yi nono, ƴan tsuntsayen nan jan baki suka taso kamar hayaƙi, sai in ja, in yi kuwwa. Muryata har hayin kogi ake jinta. Wasu na cewa magani gare ni. Babu magani, ido ne da rashin barcin rana.

Gonar waccan shekara ta ƙanen mijina ce, can ƙarshen gonaki. Ita ce abincin gidansa, ita ce nawa, har wata kaka.

Ɗana namiji guda ne, direban kamiyo, babbar motar kaya, Yamai zuwa Kwatano. Ana cikin dashe aka kira a salula. Zazzaɓin kwana uku, an yi masa sutura a can Kwatano. Mutane suka cika gida, aka yi ta uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Duk wanda ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Kun san ƙafar da aka daɗe zaune a kanta? To haka jikina duka ya zama. Da lokacin tsaro ya yi na ɗauki butata na tafi rumfa.

A kusurwar gonar akwai inda ruwan kanal, magudanar ban-ruwa, ke kwanciya. Wata safiya na tarar da tsuntsaye uku a ciki. Na san belbela, na san zalɓe da kirinjijiya, na san gauraka tun tana da yawa. Waɗannan ban taɓa sa su a ido ba. Farare ne da zanen baƙi a fiffike, ƙafafu dogaye masu launin toka, baki siriri ya lanƙwasa sama kamar allurar baduku. Suna tafiya suna goga shi a ruwa, dama da hagu, kamar mace na shara.

Akwai wani tsohon masunci, Bazabarme, da ya yi ƙuruciyarsa yana su a Kurmi. Ta bakin kanal yake bi da tarunsa.

Ya ce, "Fofo, tsohuwar gwangwani."

Na ce, "Fofo, mai ƙarnin kifi. Zo nan. Kai da ka ce ka ga duniya, waɗancan fa?"

Ya sa hannu ya kare rana. "Kai! Me ya kawo su nan? Na bakin teku ne, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. A Kwatano na san su."

"Ƙasar wurin yaya take?"

"Rairayi ne fari. In ka haƙa kamu biyu sai ruwa."

Sai ya tuna wa yake gaya wa. Ya gyara tarunsa a kafaɗa, ya ce Allah ya jiƙan yaron. Har ya yi gaba ya waiwayo. "Ba sa son hayaniya kusa, Hajiya. In kika kaɗa, sun tafi ke nan."

Da hantsi jan baki suka zo. Igiyar na hannuna. Ban ja ba.

Kada wani ya ce na ɗauka saƙo suka kawo mini. Musulma ce ni, tsuntsu tsuntsu ne. Abin da na sani kawai, ƙafafun nan sun taka ƙasar da ni ban taka ba, ba kuma zan taka ba. Ina zaune ina kallon ƙafafun. Maƙwabta na can nesa suna ta kaɗa nasu gwangwanaye, jan bakin Saga duka suka gane akwai gona guda da ta yi shiru. Ina jin su a bayana suna ci, wani irin motsi kamar yayyafi a kan kwano. Ina ji sarai. Kwana tara.

Ran na goma ƙanen mijina ya zo a kekensa. Tun ina amarya muke wasa da shi.

"Matar yaya, muryar taki ta tafi Makka ne ta bar ki? Kwana nawa ban ji ki daga gida ba."

Na ci gaba da kallon kusurwar. Ya shiga gonar, ya kama zangarniya ya murtsuke a tafinsa, ya hura. Ƙaiƙayi. Ya matsa gaba ya kama wata. Ya daɗe a ciki. Da ya fito babu wasa a bakinsa.

"Yaya, lafiya kike?"

Na nuna masa kusurwar da haɓata. Ya dube su, ya dube ni. Ya karɓi igiyar daga hannuna a hankali, kamar mai karɓar wuƙa a hannun jinjiri, ya ja. Gwangwanaye suka amsa ko'ina. Jan baki suka tashi suka rufe rana. Su ukun nan suka ɗaga, ƙafafunsu na reto a baya, suka bi kogi suka yi kudu. Na bi su da ido har suka ɓace. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na ɗauki butata na yi gida.

Abin da aka sussuka bai kai mu bazara ba. Ƴaƴansa suka ci garin rogo wata da watanni, ni ma a kwanonsu na ci. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, bai kuma sake kirana tsaro ba, shi da kowa. A gari aka ce tsufa ne, ido ya tafi. Na bar su a haka. Idona ƙalau yake, har yau ni ke zura wa kaina zare a allura.

Tsuntsayen ba su sake zuwa ba, ko sun zo ba ni wurin. Masuncin ya rasu, bai gaya wa kowa ba. Ƙanen mijina ya bi shi da damina biyu. Matar ɗana ta yi aure, tana unguwar Kalley a Yamai, takan leƙo da salla. Cikin waɗanda suka ci garin rogon nan da wayonsu, saura matar ƙanen mijina, wadda har yau take aiko mini tuwon shinkafa ran Juma'a ba ta taɓa tambayata ba, sai babbar ƴarta, sai ni.