Gidan da Ba a Ƙona Aduwa

Kakata Inna Delu ba ta yin tatsuniya sai da wuta a gabanta. Ko a bazarar Yamai, lokacin da kare ma ke neman gindin randa, da an sauke tuwo bayan magariba sai ta ja bakin wuta gefe, ta ɗora tukunyar sassaƙen da take sha saboda ciwon gwiwa, ta miƙe ƙafafu. Mu jikoki mu kewaye ta, zufa na zuba, ba mai motsawa. Tana da murya kamar ta namiji, kuma in yaro ya yi gyangyaɗi ba ta tashe shi da baki, da mara take ƙwanƙwasa masa kai.

A Yantala gidanmu yake, amma mu ba ƴan Yamai ba ne na asali. Aikin gwamnati ya kawo babana, Malam Issufu, daga Kukoki, wani gari na bakin iyaka kudu da Maraɗi. Can mu ne gidan Marafa. Ba mu ne sarakuna ba, amma sarki ba ya yanke magana sai Marafa ya zauna. Babana yana ji da wannan ƙwarai. Yakan jero kakanninsa tun daga Marafa Jatau har zuwa kansa kamar mai jan casbi, yana tilasta wa yayyena maza su haddace. Ni ba a koya mini ba, kamar yadda ba a sa ni lakkwal ba, wato makarantar boko, wai ɗiyar gidan Marafa ba ta zama gaban mushe, malamin lakkwal. Ta bayan zana na haddace, na kuma riga su.

Akwai doka guda a gidan nan: ba a sa iccen aduwa a wuta. Uwata ƴar Damagaram ce, abin bai taɓa shiga kanta ba. Takan ce, “Icce dai icce ne. Ku da tsirfa.” Inna Delu ta ce, “Ke ƴar Damagaram, a gidanku ko ƙyauren ɗaki kuka ga dama ku ƙona. Nan ba a yi.”

Sai fari ya zo, wanda ya kashe shanu ya kuma kori mutane daga garuruwansu. Shekarar ce soji suka karɓi mulki. Gefen gari ya cika da bukkokin tsumma, mata na bi gida gida suna neman surfe a ba su dusa. Cikinsu ne Tabawa ta shigo gidanmu, wata doguwar mace daga arewa, can wajen Adar, da ɗa a goye wanda wuyansa ba ya iya riƙe kansa. Mijinta ya tafi kurmi neman abinci, ba labari. Rijiyar tungarsu ta ƙafe, mutane sun watse. Ba ta da surutu, ga ta da ƙarfin daka. Inna Delu ta bar ta tana kwana a rumfar girki.

Da damina ta matso, aka yi shela a rediyo cewa duk wanda fari ya kawo birni za a mai da shi garinsu a kamiyo, babbar motar soji, ya je ya yi shuka. Wanda za a bari sai mai dangi na jini a gari, kuma mai gidan ya je da kansa gaban mai unguwa da soja ya shaida. Ga masu gona da iri, wataƙila alheri ne. Ga Tabawa kuwa, za a sauke ta ne a kango, da yaro marar lafiya, ba rijiya ba maƙwabci. Kowa a gidan ya san yaron ba zai kai kaka ba.

Inna Delu ta yi wa babana magana. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne, sai dai ta ce Na-Buro, saboda aikinsa na buro, wato ofis.

“Na-Buro, ka je ka ce taka ce.”

“Inna, ba na tsayawa gaban soja in yi ƙarya. Kwanan nan aka kwashe wasu daga buro ɗinmu a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma ki dubi fuskarta. Ina zanen gidanmu? Wa zai yarda?”

Ba zan yi masa ƙazafi ba, babana ba mugu ba ne. Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Amma har da girman kai a ciki, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka, wata magariba muna zaune bakin wuta, Tabawa na can gefe tana ba yaron ruwan kunu. Icce ya yi wuya a lokacin, abin da Zabarmawa suka ɗauko a jaki daga Harobanda shi ake saye, ba zaɓe. Uwata ta zaro wani guntu ta cusa ƙarƙashin tukunya. Kafin ya kama sosai, Tabawa ta yi tsalle ta sa hannu cikin wutar ta fizgo shi, ta turbuɗa a ƙasa. Yatsunta suka tashi.

Uwata ta ce, “Ke, lafiyarki kuwa?”

Tabawa ta durƙusa. “Ki gafarce ni, uwar gida. Hannuna ne ya riga ni. Aduwa ce. A gidan ubana ba a ƙona ta.”

Inna Delu ta ɗauki guntun ta shinshina, ta daɗe tana kallon matar nan. Sannan ta juyo gare ni. “Hadiza, je ki ce wa ubanki ya shigo. Ta yau ta manya ce.”

Babana ya shigo yana ɗaure fuska, ya zauna bisa buzu. Inna Delu ba ta buɗe da abin da aka saba ba. Ta ce, “Wagga ba ta Gizo ba ce. Kowa ya buɗe kunne, wanda ya yi barci ya yi asara.”

Ta faro daga Jatau. Yaƙi ya ci garinsu, ya gudo da matarsa mai ciki, ba guzuri ba doki. Suka yi ta tafiya har matar ta kasa, ta zube gindin wata aduwa mai rassa har ƙasa. Masu binsu suka zo suka wuce, ba wanda ya yarda ya kutsa cikin ƙayar nan. Nan suka zauna suna tsotsar ƴaƴanta, suna dafa dubagira, wato ganyenta, har matar ta haihu, har ta yi ƙarfi. Da za su tashi Jatau ya dafa itaciyar ya ce ita ce ta zame masa uwa ran da ba shi da kowa, duk wanda ya fito daga tsatsonsa ba zai sa ta a wuta ba. Ya gangara ya sari daji ya kafa Kukoki.

Wannan duk mun sani. Babana na gyaɗa kai, yana jiran ta rufe. Sai ta gyara zama ta ci gaba.

Ta ce da aka yi zamani, Nasara suka zo suka kakkafa ƙarafa a tsakiyar gonakin Kukoki, suka ce nan ƙasar Faransi, can ta Ingilishi. Rijiya ta faɗa wancan gefe, maƙabarta ta tsaya wannan. Marafan lokacin ya rasu ya bar ƴaƴa biyu, Gado babba da Labo ƙarami. Kumandan Faransi ya kira Gado ya miƙa masa rawani, da sharaɗin ya manta da mutanen da ke bayan ƙarfe, ya kuma riƙa tara masa samari da hatsi. Gado ya ce shi ba ya sarautar rabin gari. Ya ɗaura wa jakinsa kaya ya yi arewa, bai ko waiwaya ba. Labo ya karɓi rawanin.

“Ban ce Labo ya yi laifi ba,” in ji Inna Delu. “Da bai karɓa ba, da tafinta aka ba. Amma rawanin na wansa ne. Labo kuwa shi ne kakanka, Na-Buro.”

Babana ya ce, “Inna, tun ina yaro nake jin maroƙa. Ban taɓa jin wani Gado ba.”

“Maroƙi wanda ke zaune a zaure yake kira. Ka taɓa jin ya bi jaki zuwa daji?”

“Ko da an yi shi, me ya haɗa shi da wannan? Gidaje da yawa ba sa ƙona aduwa, don da ita ake allo.”

“Kana da gaskiya,” ta ce. Ta dubi Tabawa. “Ɗiyata, wa ya haife ki?”

“Anaruwa.”

“Shi kuma fa?”

“Baƙo ake ce masa. Ban tarar da shi ba. An ce daga kudu ya zo, bai taɓa faɗin garinsu ba.”

Babana ya buɗe hannuwa, wato kin gani. Inna Delu ta yafito shi. Ya rarrafo, babban mutum mai zuwa buro da takalmi, ta kama kunnensa ta raɗa masa wani abu. Sannan ta sake shi.

“Ɗiyata, ubanki yana da zane?”

Tabawa ta ɗaga ido ta dubi fuskar babana, karo na farko tun zuwanta, ta yi maza ta sunkuyar. “Irin na mai gida ne. Sai dai na kuncin hagu a karkace yake, ya gangaro har bakin leɓe. Ya ce wanzaman can ba su san zanen ba, ubansa ne ya yi masa da wuƙarsa. Shi ya sa mu bai bari an yi mana ba.”

Babana ya ce, a hankali, “Haka kika raɗa mini, Inna.”

Sai ta ba mu sauran. Tana amarya a gidan Marafa, sai Labo ya rasu. Ana zaman makoki wani dogon tsoho ya zo da jaki da ƙaramin yaro, ya ƙi shiga zaure, ya zauna a waje. Ita aka ba fura ta kai masa. Matan gida suna ta leƙen yaron suna dariyar karkataccen zanensa, ita kuwa ta tambaye shi sunansa ya ce Anaruwa. Da tsohon ya tafi ne surukarta ta gaya mata cewa Gado ne, ta kuma ce ta riƙe bakinta.

“Na riƙe,” in ji ta. “Ba wanda zai mutu a kan shirun, sai na riƙe. Yanzu akwai. Kakanta da kakanka ciki ɗaya. Ƙanwarka ce, Na-Buro, kuma gidansu ne babba.” Ta tura tukunyar sassaƙenta gefe. “Nan ta tsaya. Kan kusu ma babu bana, fari ya cinye.”

Mu yara muka yi dariya. Babana bai yi ba. Na san abin da ke cinsa. Shekara da shekaru yana jero sunaye, ashe akwai giɓi a tsakiya, kuma jikar mai giɓin tana surfe a tsakar gidansa ana biyanta da dusa. Uwata ce ta fara tashi, ta kawo man shanu ta shafa wa Tabawa a yatsu, tana gunaguni: “Ashe tsirfar taku har arewa ta kai.”

Da safe babana ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya ce Tabawa ta goya ɗanta ta biyo shi. Ita ta ba ni labarin yadda aka yi, bayan na girma. Sojan da ke zaune kusa da mai unguwa ya tambaya, “Mece ce ita a wurinka?” Babana ya ce, “Ƙanwata ce.” Sojan ya dubi fuskarsa ya dubi tata ya ce, “Ta ina?” Sai babana ya miƙe tsaye ya faro daga Jatau. Da ya iso wurin giɓin nan ya ce, “Ya haifi Gado, ya haifi Labo. Gado ne babba.” Ya bi ta Gado ya sauko kan Anaruwa, ya sauko kan Tabawa, sannan ya koma zai bi ta Labo. Sojan ya ɗaga hannu ya ce, “Ya isa, Malam, ba naɗi muka zo ba. Ɗauki ƙanwarka.”

Daga ranar ta bar rumfar girki ta koma ɗakin Inna Delu, mu kuma aka ce mu riƙa kiranta Gwaggo. Yaron ya tashi. Yau yana noman shinkafa a Saga, jikokinsa sun fi nawa yawa.

Amma na ga kamiyoyin ran da suka tashi. Na tsaya bakin hanya na ga matan da suka yi surfe tare da Gwaggo Tabawa, a tsaye, an cusa su kamar damman hatsi. Da magariba na ƙi zama inda na saba, na tsaya a kan Inna Delu na ce, “Inna, da ba ta cire iccen nan ba fa? Da sai a tafi da ita?”

Uwata ta ce in rufe baki. Inna Delu ta ce a ƙyale ni. Ta zuga wutarta tukuna.

“Da sai in ƙara hawa sama,” ta ce. “Jatau ma ai haifarsa aka yi. Mai lissafin kakanni inda ya ga dama yake tsayawa, ƴar nan. Ni ƙarfina gida ɗaya ne, shi na yi.”

A lokacin na ɗauka ta kauce wa tambayata ne. Sai da na haifi nawa, na aurar, na je na zauna a makarantar manya da furfura a kaina ina koyon baƙi, sannan maganar ta buɗe mini. Tsohuwar nan ba ta taɓa ɗaukar asali abin ado ba. Shekaru tana riƙe da sunan da zai rage wa gidan mijinta girma, ba ta fito da shi don gori ba, ba ta kuma binne shi don kunya ba. Ta ajiye shi har ranar da zai ɗauki rai ya tsallakar.

Yanzu ƴaƴan yayyena sun taso da son asali. Suna zuwa daga Maraɗi da waya a hannu, wai in jero musu su ɗauka, za su zana bishiyar gidan Marafa. Ina jero musu, ban rage ko ɗaya ba. Amma kafin in fara nakan gaya musu su yi tunani, don duk reshen da na ambata akwai mutane a ƙarshensa, wasu a tunga, wasu a bayan iyaka, wasu ba su da abin da za su ci gobe. In ka rubuta sunan kakan mutum kusa da na kakanka, ran da ya tsaya a ƙofarka ba ka da bakin cewa ba ka san shi ba. Wanda ya yarda da haka ya kunna wayarsa. Wanda bai yarda ba ya sha ruwa ya gaida mutan gida.