Giyar Makokin Anupras

Ranar Talata da hantsi Danute ta turo baro har ƙofar gidan Barbora, ta sauke buhun tsiron sha'ir. A ƙauyukanmu na wajen garin Birzai, in likita ya sallamo mutum gida, iyalinsa kuma suka kai tsiro gidan mai dafa giya, to an gama magana. Giya tana son kwana shida kafin ta nuna, gawa kuwa ba ta wuce uku a ɗaki. Dole a fara tun mai rai yana numfashi, kowa ya yi kamar bai gani ba.

"Ya jikin babanki?" in ji Barbora.

"Yana nan, Gwaggo. Da safen nan ma sai da ya kushe miyata."

"To, da sauransa."

Danute na juya baya, Barbora ta tsaya tana kallon buhun cikin fargaba.

Shekara arba'in da ɗaya tana dafa wa ƙauyen nan giya. Ta biki ba wuya, a cika tsiro, baƙi su bugu su yabe ka. Ta makoki ce mai fallasa gwani. Dole ta zama marar ƙarfi, don masu waƙoƙin addu'a kwana uku suke yi a bakin aiki, ba a son harshe ya harɗe a gaban gawa. Giya marar ƙarfi kuwa ba ta da zaƙin da zai rufa wa ɗacin furen apini asiri, furen da ake sa wa giya don kada ta lalace. In ka yi rowar furen, zafin Yuli ya tsamar da ita kafin a kai makabarta. In ka cika hannu, a sha ana yamutsa fuska, a shekara goma ana ba da labari. Furen da Barbora ke tsinkowa a bakin rafi kuma kowace shekara da irin zafinsa. Daban ake dafa shi a tukunya, a riƙa zuba ruwansa ludayi-ludayi ana ɗanɗanawa.

Ita kuwa harshenta ya mutu tun murar da ta kwantar da ita a Fabrairu. Zuma da gishiri duk ɗaya suke a bakinta. Biki biyu ta ƙi karɓa, wai ciwon baya, ba wanda ya sani. Amma wa zai mayar da buhun makoki?

Kuma a rasa makokin wanda za a kawo mata sai na Anupras, mahaifin Danute. Tsohon mai kiwon zuman nan shi ke fara kurɓa a kowane taro, ya juya giyar a baki, ya ɗaga ido sama, sannan ya fito da aibi. Abin haushin, bai taɓa kuskure ba. Barbora ta sha yin rantsuwa sai ta kwara masa ruwan zafi.

Ran Laraba ta jiƙa tsiro, ta tace, ta dafa fure. Ta tsaya a kan ganga da ludayi a hannu har ruwan ya fara hucewa. Bara bakwai ta zuba, amma bara an yi ruwa, bana fari aka yi. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, kamar mai shan ruwan rijiya. Tsoro ya kama ta sosai. Daga ƙarshe ta ɗebi kwalba uku, ta haɗa ɗaya a ma'aunin ludayi biyar, ɗaya bakwai, ɗaya tara, ta ɗaura wa kowace zare mai launi daban don kada ta rikice, ta nufi gidan mara lafiya.

Ta same shi an jingina shi da matasai, ya rame har tausayi.

"A'a, yau mayya ce a gidanmu? Me kika ƙunso?"

"Giyar sunan jaririn gidan Petronis ce. Na ce bari in ji bakinka, tunda ba ya gajiya."

"Jaririn da aka yi wa suna tun bikin Ista? Miƙo, maƙaryaciya. Ai daga kan gadon nan na ji ƙarar barona."

Ya kurɓi kowace a hankali. Sai ya miƙa mata ta ƙarshe, yatsunsa sun rufe zaren.

"Wannan ta yi salam, ko? Sha ki ji."

Ta sha. "E, ta ɗan yi salam."

Anupras ya daɗe yana kallonta, sannan ya buɗe hannunsa. Ta ludayi tara ce.

"Wannan ko akuya aka ba sai ta yi ƙara wajen fada. Tun yaushe, Barbora?"

"Fabrairu."

"Wa ya sani?"

"Kai."

"To asirinki ya samu wuri, nan da mako yana ƙarƙashin ƙasa." Ya yi tari. "Shida za ki zuba. Furen bana mugu ne."

Shida ta zuba, amma hankalinta bai kwanta ba. Mutumin da ke haɗiyar magani kala biyar, wa ya san abin da ya rage a harshensa? Kullum tana zaryar ɗakin ganga, ta kara kunne, ta shinshina abin da ba ta ji. Ran Lahadi ya rasu, ƙararrawar coci ta buga masa.

Rana ta biyu ta makoki aka buɗe ganga. Masu waƙa suna zaune a dogon tebur, aka cika kofuna. Barbora ta raɓe a bakin ƙofa. Kowa ya riƙe kofinsa bai sha ba, don shekara da shekaru sun saba jiran mutum ɗaya ya fara, ga shi kwance a ɗakin ciki da kyandir a hannu.

Danute ce ta miƙe. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta ɗaga ido sama sak irin na ubanta.

"Ta yi ɗaci," ta ce da ƙarfi.

Barbora ta dafa ƙyaure.

"Baba ne ya ce in faɗa, ko ta yi ko ba ta yi ba. Wai kada ki ji daɗi don ba ya nan."

Dariya ta ɓarke, wasu na share hawaye. Shugaban masu waƙa ya shanye nasa, ya miƙo kofi a ƙara. Danute ta matso kusa da Barbora, ta rage murya.

"Daidai take, Gwaggo. Ya kuma ce duk ranar da za ki dafa fure, in zo in tsaya kusa da ke. Bai faɗa mini dalili ba."

Barbora ta karɓi kofin daga hannunta. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba, amma sai da ta shanye shi tas, tana kuka.