Ranar da na nemi Inna ta kama sunana

Ni mutum ne mai fargaba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Idan na kulle shago sai na dawo na ja kwaɗon na ji ya kama, na juya, na sake dawowa. Ƙaramin shagon tireda ne a Gyadi-Gyadi, a jikin gidan da muke haya: sabulu, madara, taliya, ashana. Duk gwangwanin da ya shigo sai na juya gindinsa na duba ranar lalacewarsa. Karatuna a firamare ya tsaya, amma ya ishe ni karanta lamba. Matata takan ce da ruwan randa yana da kwanan wata, da tuni ƙishirwa ta gama da mu.

Wata Asabar mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, wasu baƙi suka zo wayar da kan jama'a a kan 'yan damfara. Na zauna a gaba, dab da lasifika. Suka ce kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, ko da ya ce daga banki yake. Wannan na riga na sani, domin an taɓa kirana. Mutumin ya jero sunana da na mahaifina da na kakana tsaf, kamar mai raɗa suna, ya ce za a rufe mini asusu. Abin da ya cece ni shi ne wayar ta suɓuce mini ta faɗa cikin buhun gero.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne na ƙarshe. Suka ce akan kira mutum a ce ga ɗan uwanka a wuri kaza, zo ka ɗauke shi, idan ka je a ritsa ka a ƙwace waya. Suka ce har na'ura ake da ita yanzu mai kwaikwayon muryar mutum, ka ji kamar uwarka ce. Maganin abin, in ji su, ka tambayi mai kiran wani abu da ɗan gida kaɗai zai sani.

Daga ranar na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya ba ni. Mace ta zo sayen gishiri, sai na tsayar da ita na yi mata bayanin na'urar murya. Dattijo ya zo sayen reza, ba zai tafi ba sai ya yi mini alkawarin zai riƙa rufe hannunsa in yana danna lamba a wurin cirar kuɗi. Wasu suka koma sayayya a shagon da ke gaba, inda ake miƙa gishiri ba tare da wa'azi ba. Ban ji haushi ba. Na ce ko mutum ɗaya na kuɓutar, na samu lada.

Sai ga ranar da abin ya zo kaina. Rana ta take, ana shirin kiran Azahar, baƙuwar lamba ta shigo. Na yi bisimilla na ɗauka, na buɗe muryar yadda matata za ta ji daga tsakar gida, ta zama shaida.

"Salamu alaikum. Malam, ni mai adaidaita ne. Wata tsohuwa na ɗauko daga tasha, ta ce gidanka za ta. Mun je Unguwar Gano an ce kun tashi. Yanzu muna bakin kasuwar Tarauni, ka zo ka tafi da ita."

Kalma da kalma, abin da aka faɗa mana a ƙofar mai unguwa ke nan. Gaskiya ne mun tashi daga Unguwar Gano, kuma gaskiya ne mahaifiyata, Inna, ba ta san sabon gidan ba. Amma ai ɗan damfara ma da bincikensa yake zuwa.

"A ina ka samu lambata?"

"A jikin murfin kwanonta. Da fenti aka rubuta."

"Ina wayarta?"

"Ta ce ta baro ta a wurin caji a ƙauye. Malam, ga ta nan, ku yi magana, rana tana dukanta."

Sai na ji murya. "A ce wa wancan ya zo ya ɗauki kayan nan, zakaran ya galabaita."

Muryar Inna ce sak, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshen magana. Na ce a raina lallai na'urar nan ta ƙware. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. Idan na je kuma tarko ne, na tafi ke nan da wayata. Idan ban je ba kuma ita ce, na bar uwata a rana a bakin kasuwa, wannan kuwa ba a duniya kaɗai za a tambaye ni ba. Na tuna da maganin da aka ba mu. Makonni na yi ina koya wa mutane shi, amma da ya zo kaina sai duk tambayoyin duniya suka gudu, guda ɗaya ta rage.

"Baiwar Allah, in dai ke ce mahaifiyata, faɗi sunana."

Ina jin mai lemo yana talla a bayansu.

"Me ya ce?" in ji muryar.

"Hajiya, cewa ya yi ki faɗi sunansa."

"La'ilaha illallahu! A tsakiyar kasuwa? Da furfurata? Yaro, juya keken nan ka mai da ni tasha. Jikokina na zo gani, ba shi ba."

Ƙit, aka kashe. Na juya wajen matata ina huci, na ce kin gani ko, sun kasa. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana kallona kamar yau ta fara ganina.

"Malam, tun da aka haife ka, yaushe Inna ta taɓa kama sunanka?"

Ni ne ɗan fari. Tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wancan, ko wannan, ko kai, in ta matsu. Ko wani yaro a ƙauye mai suna irin nawa, sai ta laƙaba masa wani. Ranar aurena ma bayan gida ta koma wai tana duba awaki. Wanda ya so ya cuce ni a waya har sunan kakana ya kawo ba gargada. A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ce za ta gwammace ta koma ƙauye cikin wannan rana da ta furta shi, kuma ita na kora.

Na fita da gudu. Wannan ce rana ta farko da ban dawo na ja kwaɗo ba, domin ko rufe shagon ban yi ba. Ina tafe ina kiran lambar, sai a kira na uku mai adaidaitan ya ɗauka.

"Don Allah kada ka kai ta tasha! Uwata ce, ga ni nan zuwa!"

"Ɗazu baiwar Allah ce, yanzu ta zama uwarka? Malam, ni ma ina jin rediyo. Ka zo dai mu gan ka a gaban mutane."

Na same su a gefen masu kayan miya. Inna tana zaune a bayan keken, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kwano a cinya, zakara a ɗaure a ƙafarta ya buɗe baki yana haki. Mai adaidaitan, wani dogon mutum mai gemu, ya tare ni da hannu kafin na ƙarasa. Ya ce amana ce a hannunsa, ba zai miƙa tsohuwa da kayanta ga wanda ya yi musunta a waya ba. Wallahi da a shagona ya faɗi haka, da na ba shi sabulu kyauta, domin darasina ne yake karanta mini.

Mutane suka fara taruwa. Ya leƙa cikin keken.

"Hajiya, dubi mutumin nan da kyau. Ɗanki ne?"

Inna ta kau da kai ta kalli tulin tattasai. "Ni ina na sani."

Wani mai nama ya matso da wuƙarsa a hannu, ba da niyyar komai ba, aiki yake, amma ni ban ga alamar haka ba a lokacin. Wani ya ce dama irinsu da manyan riguna suke zuwa. Na durƙusa a kan ɓawon albasa na ce, "Inna, ki yi wa Allah ki ce ni ne." Ko kallona ba ta yi ba. Na san ba za ta ce ɗana ne a gaban jama'a ba ko da za a ɗaure ni, kuma ga fushi ya hau kan kunya.

Can ta yi magana, da mai adaidaitan take, idonta a kan tattasai.

"A ce masa ya tashi daga ƙasa, rigar fara ce. Kuma a tambaye shi ko ba a dafa abinci a gidan ne, wuya kamar na zakaran nan."

Wata tsohuwa mai daddawa ta fashe da dariya har da tafa hannu. "Kai, ku watse! Ɗan fari ne!"

Mai adaidaitan ya dube ni, ya dubi Inna, sai ya sauke hannunsa. "Ai sai ka faɗa tun farko, Malam. Ni ma na fari ne. Tawa gyatumar in na je gida, ƙanena take tambaya ko baƙon ya ci abinci."

Shi ya kai mu har ƙofar gida, ni a gaba a gefensa riƙe da zakara, Inna a baya ita kaɗai kamar matar gwamna. Na tarar da shagon a buɗe, matata ta sa kujera a bakin ƙofa tana tsaro, ba abin da ya ɓata sai kwastomomi biyu da suka sayi gishiri cikin kwanciyar hankali.

Tun da muka iso Inna ba ta ce mini komai ba, wanda dama haka ne ko ba fushi, shi ya sa na kasa gane inda na tsaya. Da la'asar na zauna daga bakin ƙofar ɗakin, na yi wa matata bayani da ƙarfi yadda Inna za ta ji: cewa mugaye sun yi yawa, cewa dole gida ya kasance da tambayar da bare ba zai iya amsawa ba, cewa kuskurena wajen zaɓen tambayar ne kawai. Inna tana ɓare wa jikokinta gyaɗa. Sai ta ce wa matata:

"Ki ce masa na yafe. Gobe in na'urar tasa ta sake kira, ya tambaye ta sunan jar akuyata. Wannan zan iya faɗa ko a gidan rediyo."

Har yau da shi muke aiki, ni da ita da ƙannena. Wa'azin shago ma ban daina ba, sai dai na ƙara masa babi: kafin ka zaɓi tambaya, ka tabbata mutumin zai iya amsa ta a tsakiyar kasuwa. Sunan akuyar kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Ban san wa zai karanta ba.