Fankar da Idirisu Bai Cire Ba

A Salaga aka haifi Idirisu mai gyara, a wani gida na bayan kasuwa. Abin da ya fara sa wa hannu shi ne rediyon kakarsa, wanda ya kwance yana ɗan shekara tara, ya kuma kasa mayarwa. Kakar ba ta doke shi ba. Ta tattara kayan cikin a kwanon sha, ta dire a gabansa, ta ce ba shi ba ƙosanta sai ranar da rediyo ya yi magana. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana shan koko haka nan, kafin abin ya yi tari ya kama labarai.

Da ya tasa aka kai shi Yendi wurin Alhaji Suraj, mai ba da hayar lasifika a wajen maulidi da biki da suna. Shekara goma sha biyu ya yi a can yana ɗaukar akwatunan da suka fi shi nauyi. A nan ya koyi cewa amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita kuma ake fara kashewa, in ba haka ba sifika ta yi tsawar da za ta yaga ta. A nan kuma kunnensa na hagu ya dushe saboda tsayuwa kusa da sauti. Shi ya sa har yau in kana yi masa magana yakan karkato da gefen dama, kamar mai shakkar abin da ka faɗa. Aure ne ya kai shi Bawku, inda dangin matarsa Bashiratu ke fataucin albasa. Ya kafa rumfa kusa da tashar mota, da tebur guda, da ƙarfen narka dalma, da tsohon buroshin haƙori na share ƙura.

Da dokar hana fita ta daɗe a garin, bukukuwa suka ragu, waɗanda ake yi ma ana gama su da rana tsaka. Masu hayar sauti suka fara rabuwa da kayansu. Samari kuwa suka riƙa kwashe manyan amfilifayoyin nan suna kai su ɗaki, su haɗa da talabijin. Idirisu bai taɓa son wannan ba. Yakan ce abin fili ne, ba na falo ba. Muryar da na'urar gida ke aikawa ba ta isa ta cika ta sai an sa wani ƙaramin akwati a tsakani. In aka haɗa waya ba daidai ba ta yi ta gurnani. In aka murɗa ta da yawa ta ƙona sifikar gida. Ga fankar cikinta da ba ta hutawa, wadda a filin biki ba mai jin ta, amma a ɗaki kamar ana tankaɗe a bayan kunnenka.

Cikin samarin nan akwai Nasrullah, ɗan Ticha Sayibu. Yaron na aiki a wani shagon magani. Siriri ne, mai ciwon sikila tun yarinta, amma bakinsa lafiya lau. Ya iso rumfar da amfilifaya a bayan yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, shi da direban suka sauke ta suna nishi.

"Oga Idirisu, ga amarya na kawo."

"Wannan ai ta girmi uwarka. Falon naku filin ƙwallo ne?"

"Kai dai haɗa. So nake in an buga ganga a fim in ji ta a haƙarƙarina."

"Haƙarƙarin da iska ke kaɗawa?"

Ya haɗa masa. Ya sa akwatin tsakani, ya kashe gurnanin, ya ɗiga jan fenti a kan maɓallan ƙara sauti guda biyu, ya ce ranar da aka wuce nan kada a zo masa da kuka. Shekara uku ba a wuce ba. Nasrullah yakan biyo ta rumfar ya zauna a kan benci, su yi musu kan wace sifika ta fi fitar da muryar goge, ya tafi bai sayi komai ba.

Da damina ciwon Nasrullah ya tashi. Kwana uku ya yi a asibiti, ya rasu yana da shekara ashirin da shida. Idirisu ya je jana'iza. Ranar addu'ar bakwai shi ya kawo lasifikar malamai, ya tsaya a gefe yana riƙe da maɓalli don kada ta yi ƙara.

Bayan wata huɗu Ticha Sayibu ya zo rumfar. Tsohon malamin lissafi ne, mutum mai auna magana kafin ya sake ta. Ya gaisa, ya ƙi zama.

"Na'urar yaron nan ta samu matsala biyu. Na farko, fankarta ta fara karkarwa. Na biyu, tana kunna kanta."

Idirisu ya karkato da kunnen dama. "Tana me, Ticha?"

"Kullum in na dawo daga sallar la'asar sai in tarar da ita a kunne, ba kiɗa ba komai. Na lura kwana tara a jere. Ka zo ka cire fankar, ka sa marar ƙara. In ba zai yiwu ba ka ɗauke abin gaba ɗaya, na ba ka."

Idirisu ya san makunnin irin wannan amfilifaya. Sai an danna shi da ƙarfin yatsa yake shiga, ba abin da zai motsa shi don kansa. Bai faɗa ba. Ya ce zai zo gobe kafin la'asar.

Washegari shi da Ticha suka yi sallar la'asar tare a masallacin unguwa, suka dawo. Tun daga ƙofar gida Idirisu ya ji fankar. Ƙaramin kugi ne mai ɗan tsinkewa, kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma. A falo koren fitilar na ci. Ya durƙusa ya duba makunnin, ya ga ɗan farin gari a jikinsa, irin na masara. Ta taga ya hango Mma Abiba, uwar Nasrullah, zaune a baranda jikin bangon falon, da faifan garin masara a cinya, ta dakatar da tankaɗe.

Ticha ya ce bari ya nemo takardar da na'urar ta zo da ita, yaron ya adana ta a wani wuri. Da ya shige ciki, Idirisu ya zagaya baranda ya durƙusa.

"Mma, sannu da gida. A ba ni ruwa."

Ta miƙo masa kofi. Ta bar shi ya sha, sannan ta ce, "Ka zo ɗauke ta."

"Na zo dubawa."

"Ni ce nake kunnawa. Kai ka sani, na ga ka kalli hannuna." Ta share garin a zanenta. "In Nasrullah ya dawo daga aiki, ba sallamarsa nake fara ji ba, don ta ƙofar gaba yake shiga. Wannan nake ji ta bango. Da na ji, sai in ce to, ya dawo lafiya, yau ma bai faɗi a hanya ba. Sai in ɗora masa ruwan shayi. Kiɗan nasa ni ban taɓa so ba, kai ma ka san haukan gangunan nan. Wannan ɗin dai."

"Ticha ya sani?"

"In faɗa masa me? Ya ce na fara taɓuwa? Na san yaro ya tafi, Idirisu, ni na rufe masa ido. Awa ɗaya kawai nake so, daga la'asar zuwa in tashi girki."

Ya koma falo ya kashe na'urar, ya kwance murfin. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Ƙarfen da ke ɗauke zafi ya yi zafin da ba a iya ɗora yatsa. Boris ɗin da fankar ke juyawa a kansa ya cinye, shi ke ba ta wannan karkarwar, kuma iskar da take turawa ba ta kai rabin ta da ba. In aka bar ta haka, wata rana za ta tsaya cak, amfilifaya ta ƙone. In aka sa sabuwa, na'ura ta tsira, amma abin da Mma Abiba ke zama jira ya tafi. A jakarsa akwai sabuwar fanka marar ƙara, aikin minti ashirin.

Ticha ya dawo da takardar a cikin leda. "Ka gano ciwon makunnin?"

Idirisu bai iya ƙarya a kan kayan aiki ba. Ya ce, "Ticha, makunni lafiyarsa ƙalau. Irin wannan sai da yatsa."

Ticha Sayibu ya tsaya da ledar a hannu. Mutum biyu ne kawai a gidan, lissafin bai da wuya. Ya dubi taga. Ya zauna a hannun kujera, abin da Idirisu bai taɓa ganin ya yi ba.

Can ya ce a hankali, "Ba ƙararta ce ta dame ni ba. In na shigo na ji ta, sai in juya in ce masa ya rage. Kullum sai na juya. Kwana tara."

Idirisu ya mayar da sabuwar fankar jaka. Ya tashi ya ƙwanƙwasa bangon da ke tsakanin falo da baranda, ya auna kaurinsa da tafin hannu. Ya tambaya ko ruwan sama na feso wa barandar. Aka ce a'a, sai in iska ta zo daga gabas, ita ma ba ta kaiwa jikin bango.

"A wurin biki ma ba a ajiye amfilifaya kusa da mai sauraro," in ji shi. "Waya ce ke tafiya, ita tana zaune a inda aka ga dama. A ba ni kwana biyu, da izinin huda bangon nan."

"Gidan gado ne fa."

"Rami ɗaya, Ticha, kamar na ɓera. Ɓerayenku ma ba su nemi izini ba."

Ticha ya yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a wurinsa dariya ce.

Kwana biyun suka zama huɗu, don kafinta ya yi masa wasa da akwatin katakon da ya sa a yi, mai raga gaba da baya. Ya kafa akwatin a baranda, sama da ƙasa da kamu uku saboda kaji, ya sa amfilifayar a ciki. Ya zura wayoyin sifika masu kauri ta ramin, ya toshe gefensa da siminti. Tsohuwar fankar ya wanke ta, ya ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan, daidai yadda za ta juya ba tare da muryarta ta sauya ba. Sau uku yana kunnawa yana kiran Mma Abiba ta saurara. A na farko ta ce ta yi laushi da yawa. A na uku sai kawai ta zauna. Sabuwar fankar kuwa ya ɗaura ta a bayan akwatin, tana jan zafin a shiru, ita ke yin aikin na gaske.

Kafin ya tafi ya durƙusa a gabanta. "Mma, zan faɗa miki gaskiya. Tsohuwar nan ba za ta dawwama ba. Shekara ɗaya, in Allah ya so biyu. Ranar da ta tsaya na'ura ba za ta ƙone ba, amma ba ni da wata mai irin muryarta."

"Na ji. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka naka." Ta tura masa ƙwarya cike da ƙwan zabi. Ya ce ba zai karɓa ba. Ta ce ba shi ta ba, Bashiratu ta ba, ya daina shiga tsakanin mata.

A falo kuwa shiru ya samu. Ticha Sayibu ya sa wani tsohon faifan goge na ɗansa, ya ji har jan numfashin mai waƙar, abin da fanka ta rufe shekara uku. Ya kira Idirisu a waya don ya faɗa masa wannan kawai.

Tun daga nan, ranar Asabar ta farkon kowane wata, Idirisu yakan rufe rumfa bayan la'asar ya je gidan Ticha da kwalbar mai da buroshinsa. Ba wanda ya sa shi. A zuwansa na uku ya tarar da kujera biyu a baranda, ta Mma Abiba ta tsugunno, da wata ta roba. Ticha na kan ta robar da jarida a hannu, fanka na karkarwa a saman kansu.

"A'a, Ticha! Na huda bango don ka huta, ka biyo ta waje?"

"Falon ya cika zafi," in ji Ticha Sayibu, bai ɗago daga jaridar ba.

Mma Abiba ta ce, "Kar ka kashe ta yanzu, Idirisu. Zauna tukuna, ruwan shayi ya kusa tafasa."

Ya ajiye jakar, ya jawo turmi ya kifa, ya zauna da kunnen dama wajen akwatin.