Ɗan Tsallen Bulus

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kananzir ya fi ƙarfin gidanmu a Kabo. Da an yi sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakata, Inna, mu ci hasken wuta kyauta, ita kuma ta biya mu da tatsuniya. Ni take kira maigidanta, marowaci, wanda ko goro bai taɓa sayo mata ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Ishaya, malamin firamare ɗan kudancin Kaduna. Ɗansa Bulus abokina ne, yana da gem irin wanda ake jonawa da talabijin. Cikin kaset-kaset ɗinsa akwai wani da yara suka raina, su dai a saka musu ƙwallo ko dambe. Wani ɗan mutum ne da kwando a baya, yana tsallake ramukan wuta yana tsintar ƙwai, ransa uku. Muka sa masa Ɗan Tsalle. Bulus kan daki ƙirji ya ce, "Wannan ai ni ne!" In ya faɗa rami mu yi ta ihu, "Bulus ya mutu!"

Sai labarai marasa daɗi na rikicin addini suka fara zuwa, manya suna ƙus-ƙus. Wata safiya Malam Ishaya ya ɗaure kaya zai mayar da iyalinsa gida, ga shi an ce hanyar ba lafiya. Bulus ya miƙo min gem ɗin ta kan katanga. "Riƙe min, zan dawo."

Da daren nan Inna ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso," ba ta ma jira amsarmu ba. Wai wani maye ne ya kama kurwar wani yaro matafiyi ya zuba ta cikin fara. Yaron na can yana tafiya, farar na nan tana tsalle a bakin murhun maye. In ta tsallake, yaro ya ƙetare rafi lafiya. In wuta ta lashi fiffikenta, yaro ya yi tuntuɓe.

Ƙanwata Hassu ta ce, "Inna, in ta faɗa ciki fa?"

"Ke dai yi masa addu'a." Ta tura itace cikin wuta, ta ce barci take ji. Ba ta ƙarasa ba.

Wayyo! Na gama yanke hukunci: kurwar Bulus na cikin kaset ɗin nan. Na naɗe shi da tsumma na cusa a ƙarƙashin buhun dawa.

Kwana uku bayan haka Baba ya dawo da batirin talabijin ɗinmu daga caji a Gwarzo. Ina shigowa daga makarantar allo na ji kiɗan Ɗan Tsalle. Hassu ce, sarkin bincike, ta tono shi. Rai biyu sun tafi, saura ɗaya, ga ta a bakin rami tana dariya. Kafin in kai gare ta Ɗan Tsalle ya zurma.

Ihun da na yi har maƙwabta sai da suka leƙo. "Ta kashe shi! Ta kashe Bulus!" Inna ta fito ba ɗankwali, ta rungume ni. Da ta fahimci zancen sai ta dafe kai.

"Innalillahi! Ni na jawo. Haba maigida, tatsuniya ce fa, ƙarya ce. Rai a hannun Allah yake, ba a akwatin Nasara ba."

"To sun isa?"

Na ji ƙirjinta na bugawa kamar nawa.

Sai da na girma na gane ba don ta tsorata mu ta yi tatsuniyar ba. Ita ce a tsorace. Shekara takwas suna musayar gishiri da daddawa da maman Bulus, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa fargabarta sai jikoki. Ba ta ƙarasa labarin ba don ita ma ba ta san ƙarshensa ba.

Kwanan baya ɗana ya samo min wasan a waya. Kiɗan na tashi na karɓi wayar. Na kai Ɗan Tsalle bakin ramin farko na tsaya, ni da furfura a gemu.

"Baba, yi tsalle mana!"

Na ce masa idona ne ba ya gani sosai. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana motar su Bulus ta isa.